Baba yana jin ƙara amma ba ya gane ta

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce tun bayan shanyewar ɓarin jiki da ta same shi, in waya ta yi ƙara sai ya waiwaya, amma bai san ƙarar mece ce ba, kuma an auna kunnensa an ce lafiya lau.

Wannan ya yi kama da abin da likitoci ke kira agnosiyar ji. Kunne yana kai sauti har ƙwaƙwalwa, amma sashen da ke saitin kunnuwa, mai fassara sautin, shi ne ya samu rauni, sau da yawa ta ɓangarorin biyu. Sai kukan jariri da zubar ruwa da ƙwanƙwasa ƙofa duk su zama hayaniya ɗaya. Wani kuma magana ce kaɗai ke ɓace masa, harshensa na haihuwa ya koma masa kamar baƙon yare, alhali yana karatu da rubutu. Wani likitan Jamus, Lichtheim, ya bayyana wannan nau'in tun 1885.

Don Allah ku daina ɗaga masa murya, abin yana ƙara masa damuwa ne kawai. Ku tsaya gabansa ya ga leɓunanku, ku yi magana sannu a hankali, ku kashe rediyo, ku ajiye takarda da biro kusa. Ku nemi likitan ƙwaƙwalwa ya duba hoton cikin ƙwaƙwalwarsa da ake ɗauka da na'urar MRI, ya haɗa ku da ƙwararren mai gyaran magana. Kada kuma a bar shi ya tsallaka titi shi kaɗai, don mai yiwuwa ba zai gane hon ɗin mota ba.