Hukuncin Tara Jama'a Domin Roƙon Ɗauke Annoba

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara sani. Na karanta cewa lokacin babbar annobar da ta auku a zamanin da, mutanen Dimashƙa sun yi azumi, sannan suka fita bayan gari suna roƙon Allah. Shin wannan sunna ce da za a yi koyi da ita?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Annobar da kake nufi ita ce ɗa'unin shekarar 749 bayan Hijira, wato 1348, wanda ya shiga Masar ta tashar jiragen ruwa ta Iskandariyya, ya mamaye Sham da Magrib da Andalus, ya kuma halaka aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai. Alamarsa kumburi ne a hammata ko matsematsi tare da zazzaɓi mai tsanani, kuma sai a 1894 aka gano ƙwayar cutar, wadda ƙuma ke ɗaukowa daga jikin ɓeraye. A cikinsa masanin tarihi Ibn Khaldun ya rasa mahaifansa biyu a Tunis.

Labarin fitar kuwa gaskiya ne, domin matafiyi Ibn Battuta yana birnin, kuma ya ce an yi azumin kwana uku, aka fita babu takalma ana riƙe da Alƙur'anai, har Yahudawa da Kiristoci suka biyo da littattafansu. Amma aukuwar abu a tarihi ba ta mayar da shi hujja a shari'a. Annobar Amwas a ƙasar Sham ta shekara ta 18 bayan Hijira ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya yarda da su, kuma ba a ruwaito Sayyidina Umar ya tara mutane kamar yadda ake yi a sallar roƙon ruwa ba, alhali shi ne ya jagoranci roƙon ruwa a shekarar fari. Saboda haka Hafiz Ibn Hajar ya kira irin wannan taro bidi'a, ya ce a 749 aka fara shi. Ya kuma ba da labarin abin da ya gani a Alƙahira a 833 bayan Hijira: kafin mutane su yi irin wannan fita, mamata ba su kai arba'in a rana ba, amma wata bai ƙare ba sai da suka haura dubu. A ganina wannan ya isa ya nuna illar cakuɗa mai lafiya da maras lafiya, abin da hadisi ya riga ya yi hani a kai.

Addu'a ita kanta halal ce, ana ma son ta, kowa a sujadarsa da gidansa. Ƙunutu a sallolin farilla malamai sun yi saɓani: Shafi'awa sun yarda, Hambalawa sun hana, suna kafa hujja da cewa mutuwar ɗa'uni shahada ce. Keɓe rana da fili domin taron gari kuwa ba shi da asali, a bar shi. Wallahu a'alam.