Amsa: Ƙaiƙayi da saɓar fata a kan nono ɗaya

Ƴar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Kin ce wata biyu ke nan kan nononta na hagu yana ƙaiƙayi, yana saɓa, yana ɗan ruwa, man shafawa kuma bai yi komai ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gefe ɗaya ne. Ƙaiƙayin fata na yau da kullum yakan kama duka biyun, kuma yakan ji magani. Akwai cutar da ake kira Paget, wadda ke farawa daga kan nono ta bazu zuwa baƙin da ke kewaye, kuma galibi akwai sankara a ƙarƙashinta ko da hannu bai ji ƙullutu ba. Ki duba kuma: nonon ya kumbura, ya yi zafi, fatar ta yi ramuka kamar ɓawon lemo? Kan ya shige ciki?

Ban ce sankara ce ba, gwaji ne zai faɗa. Ku daina shafe-shafen saiwoyi, ku kai ta babban asibitin Damagaram, ku nemi a yanki ɗan nama a auna. In sun tura ku Yamai, kada ku ja lokaci.