Tulu mai fuskar mutum da garma ta tono a Yawuri

Tambaya: Malam, muna huɗa a gonarmu kusa da Yawuri sai garma ta tono wani tulu. A wuyansa an fitar da fuskar mutum, da ido da hanci, baki a buɗe. Wasu sun ce gunki ne a fasa, wani dillali kuma har ya taya. Na wane zamani ne, kuma yaya zan yi da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada ka fasa, kada kuma ka sayar. Ƙasarku tsohuwar matattarar maginan tukwane ce. Kafin a gama madatsar Kainji a 1968, masana sun yi tono a Yelwa, suka samu tukwane da mutum-mutumin yumɓu na tsakanin ƙarni na 2 da na 7 na miladiyya. A ƙasar Zuru kuma, a da matan Dakarkari ne ke gina tulun da ake ɗora wa siffar mutum ko dabba, a kafa shi bisa kabarin babban mutum, shahararren mafarauci ko ɗan kokawa. Nasu ma sau da yawa bakin a buɗe yake. A Bura ta Jamhuriyar Nijar, inda aka gano wata tsohuwar maƙabarta a 1975, tulunan masu kan mutum a kife suke bisa matattu. Don haka ina kyautata zaton naka ma ba na ɗibar ruwa ba ne.

Sai dai fuska kaɗai ba ta faɗin shekaru. Ƙasar da tulun ya kwanta ce ke faɗi: zurfin ramin, gawayi, ƙashi, da fasassun tukwanen da ke kewaye. Da gawayin ake auna zamani, yumɓun kansa kuma ana iya gwada shi a san lokacin da aka gasa shi. Wannan ne ke ci mini rai game da Kwatarkwashi a Zamfara, inda aka yi ta haƙa ba bisa ƙa'ida ba a shekarun 1990. Kayan sun tafi Turai, ramukan sun rufta, labarin masu su ya tafi.

To, dakatar da huɗa a wurin, ka kafa alama. Kada a wanke tulun ko a zazzage ƙasar cikinsa, kuma a ɗauke shi ta gindi, domin wuyan ne ke saurin karyewa. Ɗauki hoto da waya, ka sanar da mai unguwa, sannan Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu ko Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Dillalin kuwa ka sallame shi, doka ta hana cinikin irin wannan kaya ba tare da izinin hukumar ba.