Na Tura Wa Ɗan Uwana Zanen Bindiga Daga Amurka, Shin Na Taka Doka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Houston da katin zama na dindindin, ina aiki a wani kamfani da ke yanka ƙarfe da inji, kuma cikin kwangilolin da muke samu har da sassan bindiga. Ɗan kawuna maƙeri ne a wani ƙauye a Zamfara, 'yan bindiga sun hana su noma. Ya roƙe ni in taimaka masa da zane, sai na ɗauki hoton zane biyu masu awo daga kwamfutar wurin aiki na tura masa ta WhatsApp. Wani abokina ya ce ba komai, tsarin mulkin Amurka ya ba ni 'yancin bindiga da 'yancin magana, kuma irin waɗannan zanen cike suke a intanet. Amma tun ranar barci ya ƙaurace mini. Yanzu yana neman sauran. Don Allah me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Allah ya kawo wa mutanen Zamfara ƙarshen wannan musiba. Rashin barcin naka yana da dalili, kuma ba zan rufe ka ba: abin da ka bayyana, a idon dokar Amurka, fitar da fasahar makami ne zuwa ƙasar waje ba tare da lasisi ba. Kada ka tura sauran. Kada kuma ka goge wanda ka riga ka tura, zan dawo kan dalilin haka.

Tunda kana cikin sana'ar, ba sai na yi maka dogon bayani kan ITAR ba, wato ƙa'idojin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka kan fitar da makamai da fasaharsu zuwa waje, na tabbata ka ga sunan a liƙe a bangon wurin aikinku, wataƙila ma ka sa hannu a takarda ranar da aka ɗauke ka. Abin da ya canja shi ne tun watan Maris na 2020, yawancin bindigogin da farar hula ke saye sun tashi daga hannun Ma'aikatar Harkokin Waje sun koma ƙarƙashin Ma'aikatar Kasuwanci da ƙa'idojinta na fitar da kaya da ake kira EAR, su kuwa masu aman wuta ba tsayawa suna nan a ITAR. Ko ta wace ƙofa ka shiga, zanen ƙera sassan bindiga sai da lasisi kafin ya tafi Najeriya, kuma hukuncin wanda ya karya da gangan ɗaya ne a dokokin biyu: ɗaurin da zai iya kai shekara 20, da tarar da za ta iya kai dala miliyan 1 a kan kowane laifi guda.

Yanzu bari in zo kan maganar abokinka, domin ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Babu makon da zai wuce ban ji ta ba, daga bakin injiniya, ko ɗalibi, ko mai sha'awar harbi da ya kalli wani a YouTube yana ɗaga kundin tsarin mulki yana ihu. Sun haddace gyara na ɗaya (na 'yancin magana) da gyara na biyu (na 'yancin bindiga) na kundin, shi ke nan sun zama lauyoyi. Ranar da jami'ai suka ƙwanƙwasa ƙofa kuwa, ba za ka ga ko ƙeyarsu ba.

Gyara na biyu gaskiya ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Heller ta 2008 cewa mutum yana da haƙƙin ajiye bindiga a gidansa don kare kansa, a shari'ar Bruen ta 2022 kuma ta ce yana iya fita da ita. Amma ka duba da kyau, ajiyewa da ɗauka ake magana, a cikin Amurka. Babu wani hukuncin Kotun Ƙoli da ya ce wannan haƙƙin ya haɗa da aika wa wani a wata ƙasa yadda ake ƙera ta. Dokar kula da fitar da makamai ta 1976 tana nan daram, Heller bai taɓa ta ba, Bruen bai taɓa ta ba.

Sai 'yancin magana, inda nan ne masu ruɗin suka fi samun abin kamawa, saboda akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Za su kawo maka Daniel Bernstein, ɗalibin lissafi a Berkeley wanda ya kai gwamnati ƙara a 1995 domin ta hana shi wallafa manhajarsa ta ɓoye saƙo, alƙaliya ta ce rubutun manhaja shi ma magana ne. Haka aka yi. Abin da ba sa faɗa maka shi ne hukuncin kotun ɗaukaka ƙara na 1999 da ya mara masa baya, daga baya janye shi aka yi, kuma gwamnati ce da kanta ta sassauta ƙa'idojin manhajar ɓoye saƙo. Ba bindiga ake shari'a a kai ba.

Sannan su kawo maka Cody Wilson, gwarzonsu. A watan Mayu na 2013 wannan ɗalibin lauya na Jami'ar Texas ya ɗora fayil ɗin wata ƙaramar bindigar roba mai suna Liberator a intanet, wadda ake bugawa da na'urar 3D. Cikin kwana biyu an sauke shi kusan sau 100,000, sai Ma'aikatar Harkokin Waje ta rubuto masa wasiƙa cewa ya sauke, domin ɗorawa a intanet daidai yake da aikawa ga duk duniya. Ya sauke. A 2015 kamfaninsa Defense Distributed ya shigar da ƙara da hujjojin nan biyu da abokinka ya karanto maka. Kotun farko ta ƙi ba shi umarnin da ya nema, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi a 2016, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron maganar a farkon 2018. Abin da ake kira nasararsa sulhu ne da gwamnatin Trump ta yi da shi a 2018, ba hukuncin alƙali ba, kuma ko shi ɗin, jihohi suka garzaya kotu a Seattle, alƙali Robert Lasnik ya dakatar da shi ana gobe za a saki fayilolin. Mutumin da ke da lauyoyi da ƙungiyoyi a bayansa ya kwashe shekaru yana zirga-zirga a kotuna bai samu hukuncin kotu da ya ce ITAR ta saɓa wa tsarin mulki ba. To kai da me za ka tsaya?

Ba ina cewa hujjar 'yancin magana banza ce ba. Ni kaina ina ganin akwai abin dubawa idan gwamnati ta ce sai ka nemi izininta kafin ka wallafa abin da ka ƙirƙira da hannunka, kuma manyan lauyoyi suna kan wannan ra'ayi. Haka nan ina jin takaicin yadda aka rubuta ƙa'idojin: ma'aikatu biyu, jerin kaya biyu, ga lambobi kamar na takardar magani, har ƙaramin kamfani sai ya biya ƙwararre kafin ya san a wane layi ƙusarsa ta faɗa. Amma muhawarar da ake yi a kotu daban, kariyar da za ta hana a tuhume ka daban.

“Ai yana intanet.” Wannan ita ce jimlar da ta fi kai mutane ga nadama. Gaskiya ne akwai rangwame ga bayanin da aka riga aka wallafa ga kowa, kamar littafin da ke kanti ko a laburare. To amma kai ba daga laburare ka ɗauko ba. Daga kwamfutar kamfani ka ɗauko, zane mai awo, mai nuna irin ƙarfen da yawan saɓanin da aka yarda da shi, kuma ina kyautata zaton akwai gargaɗin hana fitarwa a kusurwar takardar. Kasancewar wani abu mai kama da shi yana yawo a intanet bai mayar da naku wallafaffe ba. Ko fayilolin da ke intanet ɗin ma, ƙa'idar 2020 ta keɓe waɗanda suke a shirye a zuba su cikin inji ya fitar da bindiga, ta ce ɗora su sai da lasisi.

Kuma a daina tunanin fitarwa sai an ga kwantena a tashar jirgin ruwa. Hoto a WhatsApp fitarwa ne. Imel fitarwa ne. Ka tafi gida hutun sallah da kwamfutar aiki a jaka, fitarwa ne. Kai, ko a cikin Houston ɗin ka juya allon kwamfutarka ka nuna wa ɗalibin da ya zo da bizar karatu, doka ta ɗauka ka fitar zuwa ƙasarsu. Kai mai katin zama ana lissafa ka a matsayin mutumin Amurka a wannan babin, shi ya sa aka bar ka ka ga zanen, shi kuwa ba a lissafa shi. Wannan ne ya ci Farfesa John Reece Roth na Jami'ar Tennessee, dattijo mai shekara saba'in da wani abu. Ya sa ɗalibansa, ɗan China da ɗan Iran, cikin aikin binciken jirgi marar matuƙi na rundunar sojin sama, ya kuma tafi China da bayanan a kwamfutarsa. Jami'ar ta gargaɗe shi, ya ga ai ilimi ne, ilimi kuwa ba shi da shinge. An same shi da laifi a 2008, aka yanke masa shekara 4 a 2009.

Ga mai katin zama akwai ƙarin abin tsoro: dokar shige da fice ta lissafa karya dokar fitar da kaya ko fasaha cikin dalilan da za a iya korar mutum daga ƙasar. Shi ma ɗan kawunka ba ka yi masa gata ba, domin dokar bindigogi ta Najeriya ta hana ƙera bindiga ba tare da izini ba, kuma wayar da za a kama a hannunsa lambarka ce a ciki. Na san tausayi ne ya ja ka, kuma duk wanda ke da 'yan uwa a can ya san wannan zafin. Sai dai zanen da ya shiga waya ɗaya a ƙauye, ba ka da ikon hana shi shiga wayar waɗanda suka hana su noman.

Abin yi yanzu: nemi lauyan da ya ƙware a dokar fitar da kaya cikin makon nan, ba lauyan haɗarin mota ba, ba kuma na gidan aski ba, kuma ka gaya masa matsayin takardunka tun a zaman farko don ya haɗa ka da lauyan shige da fice. Kada ka goge saƙon, domin gogewa bayan ka san akwai matsala tana iya zama laifin ɓoye shaida, wanda sau da yawa ya fi na farkon sauƙin tabbatarwa. Ma'aikatun biyu duk suna da hanyar da mutum ko kamfani ke kai kansa ya bayyana kuskurensa, kuma suna ɗaukar hakan a matsayin dalilin sassauci, amma lauya ne zai auna ko za a bi ta, da yaushe, da yadda za a sanar da kamfaninku. Kafin nan kada ka tattauna maganar da abokan aiki ko a zauren WhatsApp na 'yan gida. Ɗan kawunka kuma ka kira shi ka ce masa ba za ka iya turo komai ba, kada ya tura wa kowa wanda ke hannunsa, ka tsaya a nan.