Ƙafar katako saiti 300, babu samfur babu takarda

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da takalman gwanjo sau-ciki a Ƙofar Wambai, shekara tara ke nan. Wani kwastomana da ya dawo daga Ingila ya nuna min ƙafar katako da ake cusawa cikin takalmi bayan an cire shi, mai sifirin a tsakiya, tana miƙewa tana takurewa daidai da girman takalmin. Na ga ba a yin ta a nan. Yayan matata kafinta ne, na nuna masa hotonta a waya, ya ce wannan ai ba komai ba ne. Na ba shi naira 900,000 zai yi min saiti 300, dama da hagu, cikin mako shida. Yau wata biyar, saiti 180 ya kawo. Na sayar da wajen 40 a kan 6,000, an dawo min da wasu, wasu kuma sun tsage a shago. Ya ce rashin inji ne. Ina so in ci bashin miliyan biyu da rabi in saya masa injin, don na lissafa ko mutum ɗaya cikin ɗari ya saya a Kano, na wuce wurin. In ci bashin, ko in rabu da shi in yi odar na China?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka ci bashin, odar China ma ka dakata da ita tukuna.

Sau uku na karanta wasiƙarka ina neman inda za ka ce "samfurin da muka amince da shi" ko "takardar da muka rubuta". Ban gani ba. Hoto a waya, sai "ba komai ba ne", sai 900,000 ta fita. Alhaji, kai da ba ka biyan kuɗin dila sai ka san daga hannun wa ta fito, kai da kake juya takalmi ka duba ƙasansa, ka matsa dunduniya, ka shinshina cikinsa kafin ka ba da dubu biyar, yaya aka yi ka yi cinikin biri a sama har na kusan miliyan? Amsar tana cikin wasiƙar: yayan matarka ne. Da baƙon kafinta ne da ka ce ya yi maka guda ɗaya ka gani. Kunyar suruki ta hana ka, kuma ita ce yanzu take shirin sa ka cin bashi.

Ka lura da yadda ka rubuta: "an dawo min da wasu", "wasu sun tsage", "wajen 40". Nawa ne wasu? Shekara tara a kasuwa, amma ba ka ƙirga ba, saboda ƙirgawa za ta tilasta maka yin maganar da kake gudu. To bari in ƙirga maka da ƙiyasi. A ce cikin 180 ɗin, 100 ne za su shiga takalmi lafiya. Kuɗinka 900,000 ya sayo maka saiti 100 ke nan, kowanne ya tsaya maka a kan 9,000, kana sayarwa 6,000. Duk wanda ya saya, ka raka shi da kyautar 3,000. A cikin kuɗin nan kuma akwai na saiti 120 da ba a kawo ba, wato 360,000 ɗinka tana hannun mutum, babu ko ƙyallen takarda da ya nuna haka. A kan wannan ramin kake son ɗora miliyan biyu da rabi ta wani.

Abin da surukinka ya raina a hoto, aiki ne na awo. Tsakanin lamba 42 da 43 a ma'aunin Turai kashi biyu bisa uku ne na santimita ɗaya, kusan tsawon ƙwayar shinkafa. Wanda yake sassaƙa da ido zai wuce wannan bai sani ba. Ƙafar dama da ta hagu kuma ba siffarsu ɗaya ba: gefen babban yatsa ya fi tudu da miƙewa, gefen ƙaramin yatsa yana gangarowa. In aka yi gaban a dunƙule kamar kan taɓarya, zai ɗaga fatar inda bai kamata ba, ya bar lanƙwasar da ke kan yatsu, wadda dominta aka sayi abin, tana nan yadda take. Masu kyau sukan raba gaban gida biyu, ta yadda in ka danna shi ciki sai ya buɗe ya cika faɗin takalmin. Dunduniyar kuma ana yin ta cikakkiya, mai faɗi da santsi. In aka bar ta siririya kamar kan sanda, sifirin zai yi ta tura ta a wuri ɗaya dare da rana, bayan wata biyu mai takalmi ya ga ƙulu ya fito a bayan takalminsa na dubu tamanin. Wannan mutumin ba zai dawo maka da katakon kawai ba, zai faɗa wa duk ofishinsu.

Sifirin ɗin kansa yana da nasa hukunci. In ya yi laushi, katakon zai kwanta a ciki ba ya aikin komai. In ya yi tauri, zai ja takalmi ya saki. Shi ya sa masana'antun kirki ba sa yin guda ɗaya su ce ta kowa ce. Kowace ƙafa tana ɗaukar lamba ɗaya ko biyu ne, sai a koma ta gaba. In an ce maka ƙafa ɗaya za ta yi wa mai 40 da mai 45, ƙarya ake maka.

Tsagewar kuwa ba na ɗora ta a kan inji. Alama ce ta ɗanyen katako. An sassaƙa shi da ruwansa a jiki, hunturu ya zo ya zuƙe ruwan, ya dare. Wadda kwastomanka ya nuna maka, in ja-ja ce mai ƙamshi, itacen sida ne na Amurka, wanda ake busarwa sosai kafin a taɓa shi, kuma ba a shafa masa fenti don ya sha gumin da ƙafa ta bari. Ba sai ka samo sida ba. Malaina ko maɗaci da suka bushe da gaske za su yi. Amma inji ba ya busar da katako, ba ya zaɓen sifirin, ba ya sanin lamba 43. Abin da aka ba shi yake maimaitawa, da sauri. Ka saya masa inji yau, kuskuren da yake yi guda biyar a rana zai koma hamsin.

Ni ma na sha wannan ruwan, shi ya sa nake maka faɗa. Shekarun baya na ba wani baduku, abokina tun muna makarantar allo, kuɗin takalma fade masu yawa don kasuwar ƙaramar salla. Na ce masa "na manya". Ya ce "an gama". Ana saura kwana huɗu salla ya kawo buhu biyu, kusan duka lamba 41, wasu ma maɗaurin dama ya fi na hagu duhu don fatar ta ƙare masa ya canza wata. Da na yi magana sai ya ce ai 41 ma na manya ne. Gaskiyarsa. Ban rubuta lamba ba, ban riƙe samfur ba, da me zan kama shi? Na karyar da kayan bayan salla, muka yi shekara biyu gaisuwa sama-sama. Takarda ɗaya da ta tsare min kuɗin da abokin gaba ɗaya.

Akwai kuma wani mai shago da ya zo wurina bayan ya saya wa ƙaninsa injin aiki da kuɗin bashi, bisa cewa za a riƙa cire kuɗin daga aikin da zai yi masa. Da baki aka yi. Wata shida, ƙanin ya samu masu biyan kuɗi hannu, aikin yayan ya koma na "gobe in sha Allahu". Da magana ta je gaban mahaifiyarsu, ta ce inji dai yana gida, kuma ɗan'uwanka ne yake ci da shi, ka yi haƙuri. Ya yi haƙurin, ya kuma ci gaba da biyan bashin shi kaɗai. Naka zai fi nasa ɗaci, don kai a ɗakinka za a yanke hukuncin, matarka tana tsakiya.

Kada kuma wani ya ce maka rubutu tsakanin dangi rashin yarda ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba ta kuma cire suruki ba. Malaman fiƙihu ma da suka yi maganar biyan kuɗi kafin a kawo kaya, sharaɗin da suka kafa shi ne a san siffar kayan, a san adadinsa, a san ranar kawowa. Kai adadi da rana kawai ka faɗa, su ma a iska.

Lissafin nan na "mutum ɗaya cikin ɗari" kuwa, lissafin dokin Rano ne, na gaji da jin sa. Fita ƙofar shagonka ranar Juma'a ka kalli ƙafafun mutane. Fade, silifas, takalmi mai buɗaɗɗen baya. Ƙafar katako ba ta da abin yi a cikin waɗannan. Mai sayenta shi ne mai sau-ciki na fata mai tsada wanda yake jin ciwon ganin ya lanƙwashe: ma'aikacin banki, lauya, mai kaki, sai 'yan kasuwar takalmi irinka. Akwai su, suna kuma iya biya, amma ba su da yawa, kuma su ne mutanen da suka fi kowa ganin aibi. Masu dogon takalmin hawa, irin 'yan wasan folo na Kano da Katsina da Kaduna, nasu ma daban ne: gida uku ake yin sa, gaba da baya da wani tsinke mai faɗi da ake zurawa a tsakiya daga ƙarshe ya buɗe wuyan takalmin, kuma sai an auna ƙwaurin mai shi. Kada ka ko leƙa can yanzu.

China ba za ta cece ka daga halinka ba. Mai odar kaya da hoto a Kano, da hoto zai yi oda a Guwanzu, sai dai can da dala ne, kuma babu surukin da za ka je ka zauna a ƙofar gidansa. Ka tuna dala tana wajen 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda kayansa ke kan ruwa a tsakanin nan ya san abin da ya gani. In ranar odar ta zo, sai ka fara da samfur a hannu, ka gwada shi a takalma goma.

Ga abin da za ka yi a makon nan. Ka rufe shago da wuri rana ɗaya, ka zube kayan nan a tabarma, ka gwada kowanne cikin takalmin da ya dace da shi. Masu kyau gefe ɗaya, masu gyaruwa da samfefa ko canjin sifirin gefe ɗaya, matattu gefe ɗaya. Ka rubuta adadin kowanne. Sannan ka koma wurin kwastoman nan ka roƙe shi ya sayar maka da tasa ko ya ara maka, ko nawa ya ce. Da ita za ka je wurin surukinka, tare da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, ba matarka ba. Ba faɗa za ka je yi ba. Ka ce, Yaya, ga abin da na karɓa, ga wanda ya lalace, ga 360,000 da ta rage, mu rubuta. A cikin kuɗin nan zai yi saiti biyar kacal da busasshen katako, yana kallon ta asalin a gabansa, ya kwance ta ya auna in ya so. Ka sa su a takalmanka mako biyu. Wanda ya ci jarrabawa, ku sa masa hannu da biro ku biyu, ka ajiye shi a shagonka. Duk abin da zai kawo nan gaba da shi za a gwada, wanda bai yi daidai ba ya koma. Lamba uku ta ishe ka: 40 da 41, 42 da 43, 44 da 45. Saiti ashirin-ashirin, kowane da ranarsa. In ya ce wannan wulaƙanci ne, to ka samu amsar tambayarka ta inji a kyauta, sai a rubuta yadda zai biya ragowar kuɗin wata-wata.

Masu ɗan aibin nan kuma kada ka sayar wa kowa, amfaninsu yana shagonka. Ka fi ni sanin yadda takalmi ke fitowa daga dila a murƙushe, baki a karkace, kamar an taka kwaɗo. Ka ɗan shafa masa ruwa da tsumma, ka cusa katakon, ka ajiye a inuwa kwana biyu, kada ka sa a rana, sannan a goge da mai. Na fata na gaske zai miƙe ya dawo da kamanninsa. Na roba mai kama da fata kada ka matsa masa, ɓarewa yake. In wannan ya ƙara maka ko 1,000 a kan kowane takalmi, kana sayar da sittin a wata, 60,000 ke nan daga kayan da ka ɗauka asara ne. Kuma duk wanda ya sayi takalmin zai ga katakon a ciki ya tambaye ka mene ne. Ka buɗe shafi a littafinka, ka riƙa rubuta mutum nawa suka tambaya, nawa suka taya, nawa suka biya. Bayan wata uku ka turo min shafin, da takardar da kuka sa wa hannu da Yayan, sai mu duba ko akwai maganar inji.