Tambaya da Amsa: Duk Taurarin Labarina Bakinsu Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta labari ina sakawa a WhatsApp, amma masu karatu suna cewa taurarina duk magana iri ɗaya suke yi, kuma hirar tana gundurarsu. Ina gyaran yake?
Wata marubuciya daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Fara da gwaji mai sauƙi. Ɗauki shafi ɗaya na hira, ki rufe sunayen masu magana, ki karanta a bayyane. In kin kasa gane wa ke magana da wa, to bakinki ne kika raba musu.

Maganin yana cikin dangantaka. Matar aure a gidan gargajiya ba ta kiran sunan mijinta, sai "Malam" ko "Baban Amina". Uwa tana alkunyar ɗan fari, sau da yawa ko sunansa ba ta faɗa. Suruka kan yi habaici, 'yar jami'a kan surka Turanci, tsohuwa kan ja karin magana. Da zarar kin sa budurwa ta dubi mahaifinta ta ce "Baba, ba na son auren nan" kai tsaye, mai karatu zai ji ƙarya. Bari ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk yadda ka yanke, Baba," sannan ta ƙi cin tuwon dare. Abin da aka ɓoye ya fi abin da aka furta nauyi.

Gundura kuwa yawanci daga gaisuwa take. A zahiri muna iya jera "ina kwana, ina gajiya, ya yara" har sau goma. A takarda layi ɗaya ya isa, sai fa in gaisuwar tana ɗauke da wani abu, kamar kishiyar da ta amsa "lafiya" a daƙile.

Kada ki sa taurari su riƙa faɗa wa juna abin da dukansu suka sani don mai karatu ya ji. "Kamar yadda ka sani, yayana, mahaifinmu ya rasu bara" ba maganar mutane ba ce.

Karin harshe kamar gishiri ne. Basakkwace ya ce "mi" da "tahiya" sau biyu ko uku, an gane shi.

Sai ƙa'idar rubutu: kowane mai magana da sabon sakin layinsa, kuma "ya ce" kalmomi biyu ne, ba "yace" ba.