Wace na'ura zan saya in ga zoben Zuhal da Kaza da 'Ya'yanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwanan nan sha'awar kallon sama ta kama ni. Ina son in ga zoben duniyar Zuhal, in kuma ga taurarin Kaza da 'Ya'yanta da kyau. Na ga wata ƙaramar na'urar hangen nesa, faɗin gilashinta milimita 60, an rubuta a kwalinta cewa tana ƙara girman abu sau 500. In saya? Sannan yaya ake bambance duniya da tauraro?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka dakata da sayen nan tukuna. Wancan 500 da ke jikin kwali ado ne na talla. Abin da ke ba na'ura ƙarfi shi ne faɗin gilashinta, domin shi ke tara haske. Masu kallon sama suna da ƙa'ida mai sauƙi: ka ninka faɗin gilashin sau biyu, to ka sami iyakar girman da zai yi maka amfani. Mai milimita 60 ba ta wuce 120, shi ma sai a daren da iska ta kwanta. In ka matsa mata ta wuce haka, hoton zai dushe, ya yi ta rawa, duniyar kuma ta fice daga gilashin kafin ka daidaita idonka.

Abu biyun da ka ambata ba kaya iri ɗaya suke so ba, kuma nan ne masu farawa suka fi ruɗewa. Duniyoyi suna da haske amma ƙanana ne a ido, saboda haka ƙarin girma suke buƙata. Tarin taurari irin Kaza kuwa faɗi gare su, fili suke so da duhu.

Bambance duniya da tauraro ba wuya. Tauraro yana ƙyaftawa, domin tsabar nisansa ta mayar da shi ɗigo guda, motsin iska kaɗan sai ya girgiza haskensa. Duniya tana kusa, tana da ɗan faɗi ko da ido bai gane ba, shi ya sa haskenta yake tsaye cak. Kuma duniyoyi ba sa barin hanyar da rana da wata suke bi. Guda biyar ake gani ba tare da na'ura ba: Makuri, Zara, Mas, Jufita da Zuhal. Zara matar wata da kake gani bayan faɗuwar rana, ita ce dai Gamzaki na asuba, lokaci ne kawai ya bambanta. Manhajar Stellarium za ta nuna maka inda kowacce take a daren da kake so.

Shawarata ita ce ka fara da madubin hangen nesa mai ido biyu, 7x50 ko 10x50. Lambar farko ƙarin girma ce, ta biyun faɗin gilashi. Ka ɗora gwiwar hannunka a kan katanga ko bayan kujera don kada ya yi rawa, ka auna Jufita. Za ka ga ɗigo-ɗigon haske a jere kusa da ita, wani dare uku, wani dare huɗu. Watanninta ne manya, waɗanda Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya gani a Janairun 1610 da na'urar da ba ta kai ta yanzu kyau ba. Ina son ka riƙe takarda da fensir, ka zana da'ira, ka ɗiga inda kowanne yake. Gobe ka sake. Za ka tarar sun sauya wuri, domin Io, na kusa da ita, yana zagaye ta cikin kwana biyu ba kaɗan, Kalisto na can nesa kuma yana ɗaukar kusan kwana 17. Ni har yau ban daina jin wani abu a raina ba duk lokacin da na duba takardar jiya na ga ɗigon ya matsa.

Kaza kuwa, madubin nan ya fi babbar na'ura yi mata adalci. Faɗinta a sama ya kai na cikakken wata wajen sau huɗu, don haka na'ura mai ƙarin girma sosai 'ya'ya biyu ko uku kawai za ta nuna maka, ta bar sauran a waje. Ido yakan ƙirga shida, mai kaifin gani bakwai. Da madubi sai ka ga gommai sun fito, farare masu sirkin shuɗi, kamar an watsa duwatsun ado a kan baƙin ƙyalle. Taurari ne fiye da 1,000 da aka haifa daga gajimaren iska guda, kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma hasken da ke shiga idonka ya yi tafiyar shekara kusan 440. Daga Nuwamba zuwa Maris take da daɗin gani da farkon dare.

Zoben Zuhal ne madubi mai ido biyu ba zai ba ka ba. Sai na'ura mai ƙara girma sau 30 zuwa sama, kuma ko waccan mai milimita 60 za ta nuna shi, in dai ƙafafunta ba sa lilo. Mafi yawan masu arha a ƙafafun suke faɗuwa. In ka tashi saye, ka nemi na'urar da faɗin madubin cikinta ya kai milimita 130 ko 150 a kan gindin Dobson, wanda ake turawa da hannu. Ka sani kuma zoben yana karkata: kusan duk shekara 15 yakan juyo mana da gefensa har ya kusa ɓacewa, kamar yadda ya yi a Maris 2025, daga nan ya riƙa buɗewa a hankali. Mas kuwa kada ta ba ka haushi in ka gan ta 'yar mitsitsiya. Sau ɗaya a wata 26 take matsowa kusa.

Akwai wani nau'in tarin taurari, dunƙulalle kamar ƙwallo, irin M13, mai taurari dubu ɗari-ɗari a nisan tafiyar haske ta fiye da shekara 20,000. Wannan sai daren da babu farin wata, nesa da fitilu. Ka ba idonka minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu, kada ka kalli waya, in dole ne ka yi amfani da jar fitila. Sannan kada ka zuba masa ido kai tsaye, ka ɗan kalli gefensa, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni. Sai ka ga abin da ya yi kama da hayaƙi ya ƙara fitowa.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: kada ka taɓa auna rana da madubi ko na'ura, ko da tana dab da faɗuwa kana neman Zara ko Makuri. Daƙiƙa kaɗan sun isa su ƙone ido har abada. Ka jira ta faɗi gaba ɗaya kafin ka cire murfin gilashin.